Yadda Ake Gina Labarin Kisa Mai Sanyi a Filin Golf

Labarin binciken kisa iri-iri ne. Akwai wanda jini ke malala a kowane shafi, akwai na 'yan sanda da ɗakin binciken gawa, sannan akwai mai sanyi, wanda ya yi tashe a Ingila tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, Amurka kuma ta mayar da shi babbar kasuwa daga baya. A irin wannan an yi kisa, amma ba a nuna wa mai karatu aika-aikar. Babu batsa, babu ashar, mai binciken ba ɗan sanda ba ne, waɗanda ake zargi kuwa duk sun san juna, suna gaisawa, suna zuwa bikin 'ya'yan juna. Abin da mai karatu ya zo nema wasa ƙwaƙwalwa ne: a shimfiɗa masa alamu, a ga ko zai riga mai binciken gano mai laifi.

Filin golf ya dace da wannan saboda abubuwa biyu da suke karo da juna. Kusan duk wanda ya shiga filin an rubuta lokacin fitarsa da mutanen da ya fita tare da su, har ana iya lissafa inda yake kowane minti goma. Amma kuma wasa ne da babu alƙali a bayan ɗan wasa. Maganarsa ake ɗauka, shi ke faɗin bugu nawa ya yi, shi ke kai ƙarar kansa in ya karya doka. Tsakanin rubutaccen lokaci da amanar baki labarinka yake. Wanda ya ajiye gawa a kan ciyawa a babi na biyu, sannan ya kwashe sauran labarin ya koma falo da ofis, bai ci moriyar filin ba.

Mataki na farko: fili kafin gawa

Ka fara yanke shawarar ƙasar da filin yake, domin komai na gaba ya rataya a kan wannan. Asalin wasan Sikotland ne. A can aka rubuta dokokinsa na farko, guda 13, a 1744, kuma a St Andrews aka rage ramukan tsohon filin daga 22 zuwa 18 a 1764, adadin da duniya ta bi daga baya. Yawancin littattafan wannan fanni a ƙananan garuruwan Birtaniya da Amurka ake ajiye su. Najeriya ma tana da filaye, wasu tun zamanin Turawa: akwai Rayfield a Jos, akwai na Kaduna da Kano da Zariya, ga kuma na IBB a Abuja. Shawararmu ita ce ka zaɓi irin filin da ƙafarka za ta iya takawa. Ka je, ka nemi izini, ka bi rukuni ɗaya tun daga ramin farko har na ƙarshe da agogo a hannu. Amma sunan kulob ɗin labarinka ka ƙirƙire shi. Kada ka jefa gawa da satar kuɗi a kulob na gaske mai mambobi na gaske.

Bambancin wuri ba ƙarami ba ne. A Sikotland rana ba ta faɗuwa a watan Yuni sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin 4 na yamma duhu ya fara. A Arewa, lokutan sallah ke yanka ranar: masu fita bayan asuba, da masu fita bayan la'asar suna tsere da magariba. A wasu filayen Najeriya, musamman inda ruwa ke wuya, dandamalin da ramin yake ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cuɗa da mai, kuma akwai mai share shi kafin a buga, wato akwai mutumin da aikinsa ke nan goge sawu.

Sai ka ɗauki babban kwali ka zana. Kowane rami, wato tazarar daga inda ake fara bugu zuwa ramin da ƙwallo za ta faɗa, yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi, kuma mai ƙarancin bugu shi ke cin wasa. Tsarin da aka fi sabawa da shi shi ne ramuka huɗu na bugu uku, goma na bugu huɗu, huɗu na bugu biyar, jimla 72. Na bugu uku tsawonsa kamar mita 100 zuwa 220, na bugu huɗu kamar 250 zuwa 430, na bugu biyar ya haura haka. Shimfiɗar iri biyu ce. Tsofaffin filayen bakin teku sukan miƙe da ramuka tara su yi nisa, sannan tara su dawo, don haka wanda ke rami na tara shi ya fi kowa nisa da gidan kulob. Yawancin na zamani kuwa zagaye biyu ne, rami na tara yana dawowa bakin gidan kulob, inda mutum zai iya shiga banɗaki ko ya je mota ba wanda ya ce masa uffan. A kan zanen ka sa alamar ƙofar shiga, ɗakin ajiyar injuna, ɗakin famfo, tafki, rumfar fakewa, inda shinge ya ɓule, da duk tudu ko duhuwar itatuwan da ke tare ido. Mafi muhimmanci, ka samar da wuri ɗaya inda ramuka biyu masu nisan lamba suke kwance kafaɗa da kafaɗa, misali na 4 da na 13, da 'yar duhuwa a tsakaninsu.

Mataki na biyu: jadawalin fita

Ana sakin rukuni-rukuni, galibi mutum huɗu-huɗu, da tazarar minti takwas zuwa goma. Mutum huɗu a ƙafa sukan ci awa huɗu zuwa huɗu da rabi. Don sauƙin lissafi ka ba kowane rami minti 14, daga baya ka gyara: na bugu uku ya ɗan gaza haka, na bugu biyar ya ɗan fi.

Ga yadda lissafin ke haifar da labari. Rukunin da ya fita 7:00 zai isa rami na 13 da 9:48, ya bar shi 10:02. Rukunin da ya fita 9:00 yana kan rami na 4 daga 9:42 zuwa 9:56. Ke nan daga 9:48 zuwa 9:56, minti takwas, mutane takwas da a takarda awa biyu ta raba su suna tsaye taku kaɗan da juna. Ɗan sandan da ya duba takardar fita kawai zai wanke mai laifi. Wanda ya san filin ba zai wanke shi ba.

To ta yaya mutum zai bar abokan wasansa ba a lura ba? Dokar neman ƙwallo ce ke ba shi ƙofa. Tun daga 2019 minti uku aka ba ɗan wasa ya nemi ƙwallon da ta ɓace, a da biyar ne. Mutum mai sauri a ƙafa yana cin kamar mita 100 a minti, saboda haka minti uku ba za su kai shi fiye da mita 150 ya dawo ba, ban da lokacin abin da ya je yi. 'Yar motar fili mai batir tana gudun kilomita 20 a awa ko sama kaɗan, kuma sau da yawa makulli ɗaya ke tayar da duk motocin kulob, don haka riƙe makulli ba hujja ba ce a kan kowa. In labarinka ya faru kafin 2019, kana da minti biyar. In bayan nan ne ka rubuta biyar, duk mai buga wasan zai kama ka.

Akwai wata hanyar fara gasa inda ake rarraba rukunoni a ramuka 18 gaba ɗaya, a busa jiniya kowa ya fara a lokaci guda. Wannan na da amfani in kana so kowa ya kasance cikin fili a sa'ar kisan, amma lissafinsa ya fi wuya, domin kowane rukuni da ramin da ya fara.

Ka yi jadawalin a takarda mai layi: sunaye a gefe, lokaci a sama da tazarar minti goma, kowane gida ka rubuta inda mutum yake da wanda ya gan shi. Ka yi kwafi biyu, ɗaya na gaskiya, ɗaya na abin da kowa ya faɗa wa mai bincike. Duk inda biyun suka saɓa, babi ne.

Mataki na uku: rubuta laifin a shafi guda

Kafin babi na ɗaya, ka rubuta wa kanka abin da ya faru tiryan-tiryan daga idon mai laifi: me ya tunzura shi, yaushe ya yanke shawara, me ya shirya, me ya ɓaci, me ya yi don rufe ɓarnar. Ɓarnar ita ce jarin labarin. Shiri ya tafi daidai ba ya barin alama; sai an yi ruwan da ba a zata ba, ko mai yankan ciyawa ya sauya hanya, sannan mai laifi ya yi gaggawa ya bar baya da ƙura.

Hanyar kisan ta zama mai sauƙi, a kuma ambace ta a taƙaice: bugu a ƙeya, turawa cikin tafki, hatsarin mota da aka shirya. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma na adalci ga mai karatu, kuma huɗu daga ciki har yau suna aiki: mai laifi ya bayyana tun farkon labari, ba aljani ba tsafi a warwara, ba gubar da kimiyya ba ta sani ba, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu. Ta biyun nan sai an yi hattara da ita a rubutun Hausa. Jama'ar cikin labari za su iya cewa tsamiyar rami na 13 tana da mutanen ɓoye, wannan ma ɓad-da-sawu ne mai kyau, amma amsar ƙarshe ta zama ta ɗan Adam.

Mataki na huɗu: mutane

Mamacin ya kasance wanda mutane da yawa ke da abin faɗa a kansa, amma ba shaiɗan ba. In kowa ya yi murna da mutuwarsa, mai karatu ba zai damu a kama kowa ba. Kujerun kulob sun tanadar maka da mutane: kyaftin, sakatare, ma'aji, shugabar ɓangaren mata, ƙwararren da ke koyarwa yana kuma riƙe da shagon kayan wasa, shugaban masu kula da fili, da shugaban 'yan ɗaukar jaka, wato kadi.

Waɗanda ake zargi biyar ko shida sun isa. Ƙasa da huɗu, an gano da wuri. Sama da bakwai, sunaye sun cakuɗe. Kowanne ka ba shi abu uku: dalili, giɓin lokaci a jadawali, da wani sirri da bai shafi kisan ba amma zai sa ya yi ƙarya. Na ukun nan shi ke ba littafin tsawo. Wannan ya ɓoye inda yake ne saboda bashi, wancan saboda auren da uwargida ba ta sani ba, waccan saboda tana sayar da gwal ɗinta a ɓoye.

Dalilan kisa na gaske a kulob ba su wuce ƙasa da kuɗi da mutunci ba. Filin golf mai ramuka 18 yana cin hekta hamsin ko fiye, kuma wanda aka yi a bayan gari shekaru tamanin da suka wuce yau yana tsakiyar birni, ido na kansa. Akwai kuɗin gyaran famfo da aka fitar ba a ga ruwa ba, akwai zaɓen kyaftin, akwai wanda aka hana zama mamba. Rikicin wa za a ɗauka ba tatsuniya ba ne: Augusta a Amurka ba ta ɗauki mata mambobi ba sai 2012, Muirfield a Sikotland sai da aka sake ƙuri'a a 2017. Sai kuma maguɗin handikaf, wato rangwamen bugun da ake ba mai rauni don ya kara da gwani. Tun 2020 tsari ɗaya duniya ke bi, ana ɗaukar sakamako takwas mafi kyau cikin ashirin na baya-bayan nan. Mai wayo yakan riƙa kai munanan sakamako da gangan don rangwamensa ya ƙaru, ranar babbar gasa ya kwashe kyauta. Wannan shi kaɗai bai kai a kashe rai ba, sai ka ɗaura shi da caca ko da tonon silili a gaban sa'o'i.

Mai binciken kuwa ya zama wanda ke da dalilin shiga ko'ina a yi masa magana ba tare da an tsargu ba: mai abincin gidan kulob, tsohuwar malamar makaranta da ke lissafin maki ranar gasa, ko tsohon kadi. Kadi ya fi kowa sani, domin manya suna magana a gabansa kamar ba ya nan, ya san abin da ke cikin kowace jaka, ya san wanda ke tura ƙwallo da ƙafa in ba a kallo. Matsalarsa ita ce ba zai iya tsare Alhaji da tambaya ba. “Ranka ya daɗe” zai ce, ya sunkuyar da kai. Don haka haɗa shi da wata mai faɗa-a-ji, su zama biyu, ɗaya na gani ɗaya na tambaya.

Mataki na biyar: alamu daga cikin wasan

Nan ne littafin zai tsaya ko ya faɗi. Kana bukatar alamu na gaskiya kamar shida zuwa takwas, da na ɓad-da-sawu uku ko huɗu, kuma aƙalla rabinsu su fito daga wasan kansa.

Fara da ƙirgar sanduna. Doka ba ta yarda a ɗauki fiye da 14 ba, hukuncin kuwa ƙarin bugu biyu ne a kan makin ɗan wasa a kowane rami, iyaka huɗu. A gasar Open ta 2001 Ian Woosnam ya tsinci sanda ta 15 a jakarsa yana shirin buga rami na biyu a ranar ƙarshe, aka ci shi bugu biyu. Saboda haka duk kadi na ƙwarai yana ƙirgawa kafin a fita. Jakar da ta fita da 14 ta dawo da 13, ko wadda aka wayi gari da 15 a ciki, magana ce. Fuskar sanda kuma tana da tsagogi da ke riƙe ƙasa da ciyawa. Sanda ɗaya tal da aka wanke fes cikin jaka mai datti ta fi mai jini tona asiri.

Wurin tutar da ake kafawa a cikin rami alama ce da ba kasafai mai karatu ke lura da ita ba. Ramin, mai faɗin milimita 108, ba a wuri ɗaya yake zama ba. Masu kula da fili suna huda sabo da sassafe, su toshe tsohon da ƙasar da suka ciro. To a ce wanda ake zargi ya rantse cewa shi kaɗai ya fita motsa jiki da 6:30, har yana ba da labarin yadda ya sha wuya a rami na 13 saboda tuta na can baya ta hagu. Babi tara baya, mai kula da fili ya faɗa a cikin hira cewa tun 6:00 ya dawo da ita gaba. Mutumin tutar jiya yake bayyanawa. Bai je wurin da safe ba, ko kuwa ya je tun kafin shida.

Ruwan feshi agogo ne. A filayen da ke da na'ura, da dare ko kafin asuba ake kunna ta bisa lokaci. In ciyawar ƙarƙashin gawa a bushe take alhali kewaye ya jiƙe, gawar ta riga ruwan zuwa. Raɓa ma haka: sawun ƙafa da na taya suna fitowa baƙi-baƙi a kanta har rana ta ɗaga. Sai dai kada ka sa raɓa a Kano cikin hunturu, iskar ta bushe. Abin da hunturu ke ba ka hazo ne, wanda zai ƙaryata shaidar da ya ce ya gane fuska daga nesa.

Kwarin yashi, wanda ake haƙawa a fili don ya tare ƙwallo, doka ta ladabi ce a share shi da manjagara bayan an buga. Ma'aikaci yana jan layi ɗaya miƙaƙƙe da safe, ɗan wasa kuwa yana share inda ya taka ne kawai yana ja da baya. Kwarin da aka share gaba ɗaya da tsakar rana, an ɓoye wani abu.

Katin maki ya fi duka daɗi. A gasa ba kai ke rubuta naka ba, musaya ake yi, abokin wasa ya rubuta, a ƙarshe ku duka ku sa hannu. In ka sa hannu a kan adadin da ya gaza na gaskiya an kore ka, in ya fi na gaskiya haka zai zauna. A gasar Masters ta 1968 Roberto De Vicenzo ya yi bugu uku a rami na 17, Tommy Aaron ya rubuta masa huɗu, ya sa hannu bai duba ba, ya rasa damar karawar raba gardama da Bob Goalby. A labarinka, kuskure irin wannan yana nuna mai rubutun bai ga ramin da idonsa ba, tambaya ya yi ko ƙiyasi. Ka lura da fensir ma: lambobi uku a jere da kaifi ɗaya da karkata ɗaya, a zama ɗaya aka cike su.

Safar hannu guda ɗaya ake sawa, kuma na-dama a hagu yake sa ta, bahago a dama. Marubuta da yawa suna juya wannan. Ƙwallo kuma kowa yana yi wa tasa alama da alƙalami, ɗigo biyu ko harafi. Ƙwallo mai alamar wani a gefen gawa ta cika sauƙi, don haka mayar da ita ɓad-da-sawu: yara suna tsintar ɓatattu a ciyawa su sayar, tana iya kasancewa a jakar kowa.

Sai jiniya. Busa ɗaya mai tsawo na nufin a tsaya nan take, galibi saboda tsawa. Uku a jere tsayawa ce ta yau da kullum. Gajeru biyu, a ci gaba. Da an busa mai tsawon, rukunoni sun watse, kowa ya nufi mafaka, jadawali ya rushe na rabin awa. Ka yi amfani da ita sau ɗaya kawai.

Yadda ake ɓoye alama shi ne a sa ta a tsakiyar jeri, a bi ta da abin da ya fi ta ƙara. Misali: kadi ya zazzage jakar a gaban Hajiya, ga tawul, ga ƙwallaye shida, ga fensir biyu, ga safar hannun dama, ga kwalbar maganin hawan jini da babu ko ƙwaya a ciki. Hankalin kowa ya tafi kan kwalbar. Safar ce maganar, domin mamacin na-dama ne.

Mataki na shida: gawa da hukuma

Kaɗan ake bukata, amma ya zama daidai. Gawa takan fara sandarewa bayan awa biyu zuwa shida, ta gama wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma zafi yana gaggauta duk wannan. A ƙasa mai sanyi jiki yana hucewa da ƙasa da digiri ɗaya a awa. A Kano cikin Afrilu, da zafin ya haura 40, wannan lissafin bai aiki. Kada likitan labarinka ya ce “ya rasu 9:52”. Tazarar awa biyu ko uku zai bayar, filin ne zai matse ta.

Hukuma ta bi ƙasar. A Ingila jami'in da ake kira coroner ke binciken mutuwar fuju'a, a Sikotland kuwa babu shi, ofishin mai gabatar da ƙara da ake kira Procurator Fiscal ne. A Najeriya DPO ake fara kira, sannan a miƙa batun kisa ga sashen CID na jiha. Kada ka mayar da ɗan sandan wawa. Ya fi kyau ya zama mai hankali da aiki ya yi wa yawa, wanda bai san wasan ba, ga manya na bugo masa waya.

In mamacin Musulmi ne a Arewa, cikin sa'o'i za a yi masa sutura, kuma da wuya iyali su yarda a taɓa gawa. Wannan ba cikas ba ne, dalili ne mai ƙarfi na shigowar mai bincikenka: kowa ya ce kwana ne ya ƙare, dama yana da hawan jini, sai mutum ɗaya da ya ga abin da bai zauna masa ba. Zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in kuma suna tara maka duk waɗanda ake zargi a tabarma ɗaya ba tare da ka ƙirƙiro dalili ba.

Mataki na bakwai: babi-babi da gwaji

Irin wannan littafi yakan kai kalma dubu 60 zuwa 75, wato babi 25 zuwa 30 masu kalma kamar 2,500. Babi biyu na farko a ga mamacin da rai yana taka mutane, a kuma ga mai laifi. Gawa kada ta wuce babi na uku. Daga nan zuwa tsakiya zagayen tambayoyi ne na farko, kowa na ƙarya. A tsakiya wani abu ya kife zargin: wanda aka fi zargi ya fita, ko a kai wa shaida hari. Kashi na uku sirrika suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Alama ta ƙarshe ta zo kafin babin tonon asiri, ba a cikinsa ba. Shi kuwa wannan babin kada ya wuce kalma 3,000, kuma ya fi armashi a taron raba kyaututtuka, ko a tsaye a kan ramin da abin ya faru, mai binciken yana nuna tazara da hannu.

Dokar wasa kada ka yi lacca a kanta. Duk wadda warwara ta dogara da ita, a nuna ta tana aiki tun da wuri a wani yanayi na raha, misali gardama kan ko minti uku sun cika. Wadda ba ta da aiki a labarin, bar ta.

In kana cikin masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad, wannan nau'in ba ya jure a rubuta ana sakewa. Alamar da ka manta ba ka dasa a babi na huɗu ba, ba ta dasuwa bayan mutane sun karanta. Ka gama duka tukuna.

Gwajin ƙarshe mutum uku yake so. Mai buga golf ya duba dokoki da tazara. Wanda bai taɓa ganin filin ba ya ja layi a duk inda ya ɓace. Na uku ka ba shi littafin ban da babi biyu na ƙarshe, ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa a ƙarshen babi na 10, na 18, da inda ya tsaya. In ya gano tun na 10, ka ƙara wa wani da ake zargi nauyi, ka kuma nitsar da alamar da ta tona. In har ƙarshe bai ko kusa ba, kuma da ka faɗa masa ya ce ai ba a nuna ba, koma jadawalinka na gaskiya, ka bi alamun ɗaya-ɗaya, ka rubuta lambar shafin da kowacce ta fara bayyana a gefenta. Wadda ba ta da lamba, ita za ka koma ka dasa.